Kanwa Ta Kar Tsami: Tarihin Binegar a Wanki, Gyaran Gashi da Rini

Hausawa na cewa kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta. Akan kawo wannan karin magana idan wata rigima ta mutu, amma a cikinsa akwai wani ilimi na ɗakin girki da na marina wanda ya girmi litattafan kimiyya. Ilimin kuwa shi ne: yawancin kayan aikin gida sun kasu gida biyu, akwai masu tsami, akwai dangin kanwa, kuma kowane ɓangare yana karya ƙarfin ɗaya. Uwargidan da ta jefa ƴar kanwa cikin miyar yakuwa ta san haka, ko da ba ta taɓa zama a aji ba. Tsamiya, lemun tsami, nono da ruwan tsamin gasara ƴan gida ɗaya ne. Toka, kanwa, sabulu da soda su ma ƴan gida ɗaya ne.

Binegar, wanda ake sayarwa cikin kwalaben roba a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, baƙo ne a gidan tsami, kuma ya zo da shawarwari uku da ke yawo a bakin mutane, a rediyo da wayoyin hannu. An ce a ɗauraye gashi da shi don ya yi santsi da sheƙi. An ce a zuba shi a ruwan ɗauraya don tufafi su yi laushi. An kuma ce a jiƙa sabuwar atamfa ko shadda a cikinsa don kada ta zuba. Kowace ɗaya daga cikin shawarwarin nan tana da ƙasar da aka haife ta, da zamaninta, da matsalar da ta zo warwarewa. Wanda ya bi sawunsu zai tarar cewa biyu na farko suna da tushe mai ƙarfi, ta ukun kuwa an ɗauko ta ne daga ƙasashen ulu da alharini aka ɗora wa ƙasar auduga.

Daga giyar da ta lalace zuwa kwalbar kanti

Sunan binegar daga Faransanci ya fito, inda aka haɗa kalmomi biyu, vin da aigre, ma'ana giyar inabi da ta yi tsami. Wasu kuma suna kiransa khal, sunan da aka aro daga Larabci. Duk wani ruwa mai zaƙi yana iya zama binegar ta matakai biyu. Da farko yisti yakan mayar da sukarin barasa. Daga nan, idan iska tana shiga, wasu ƙwayoyin bakteriya sukan cinye barasar su mayar da ita asid asetik, wato sinadarin da ke ba binegar tsaminsa da warinsa. Saboda haka kowace ƙasa da abin da take yin sa da shi: mutanen Babila ta dā da dabino, mutanen gaɓar Bahar Rum da inabi, mutanen Sin da shinkafa da dawa, mutanen Ingila da sha'ir. Sojojin Rum suna sirka shi da ruwa su sha a fagen yaƙi. A duniyar Musulmi ma bai zama abin ƙyama ba, domin akwai hadisi a cikin Sahihu Muslim da ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci, kuma malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye da kanta ta zama khal ta tsarkaka.

A Faransa sana'ar ta sami ƙungiya a birnin Paris tun 1394. Amma birnin Orleyan ne ya yi fice, domin yana bakin kogin Luwar, inda ake sauke gangunan giyar da za a kai Paris, waɗanda suka yi tsami a hanya kuwa sai a bar su nan a mayar da su binegar. Aikin yakan ɗauki makonni cikin gangunan katako. A 1823 wani Bajamushe mai suna Schützenbach ya fito da hanyar gaggawa, inda ake tsiyayar da ruwan barasa ta cikin ganga mai cike da ɓawon katako don iska ta ratsa shi, aikin makonni ya koma na kwanaki. Louis Pasteur ne ya tabbatar da cewa wata halitta mai rai ce ke yin wannan aiki. Ya yi wa masu sana'ar bayani a Orleyan cikin 1867, ya kuma buga littafinsa a kan binegar cikin 1868.

Wannan ci gaba ne ya haifar da farin binegar, wanda ake yi daga tatacciyar barasa, mai ƙarfin asid kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. Yana da arha, kuma ba shi da launi. Siffofin nan biyu su suka fitar da shi daga kwanon salak zuwa bahon wanki, domin ba mai zuba jan binegar na inabi mai tsada a kan farar riga.

Wanki: bayan toka sai tsami

Tun asali wanki aikin dangin kanwa ne, saboda su ke narkar da maiƙo da dauɗa. Masu wankin Rum suna amfani da tsohon fitsari, har sarki Vespasien, wanda ya yi mulki daga shekara ta 69 zuwa 79, ya sa wa masu tara shi haraji. A ƙauyukan Turai ana tace ruwan zafi ta cikin toka a kan tulin tufafi. A ƙasar Hausa an yi aiki da ruwan toka, da ɓawon aduwa mai kumfa, da sabulun salo wanda shi ma daga toka da mai ake dafa shi. Kalmar da Turawa ke kiran wannan dangi da ita ma daga Larabci ta fito, daga sunan tokar tsirrai.

Matsalar ita ce duk abin da ya rage na toka ko soda a jikin zare yakan sa yadi ya yi kaushi, fari kuma ya koma ruwan ɗorawa idan ya sha guga. Masu farar da yadi na birnin Harlem a ƙasar Holan, waɗanda suka yi suna a ƙarni na 17, sun san maganin abin. Sukan jiƙa yadin lilin a ruwan toka, su wanke, sa'an nan su tsoma shi cikin nono mai tsami na kwanaki, su shimfiɗa shi a kan ciyawa ya sha rana da raɓa. A haka ake ta maimaitawa har wata shida ko fiye. Cikin 1756 wani likita na Edimbara, Francis Home, ya nuna cewa ruwan asid sulfurik da aka sirka sosai yana yin aikin nonon cikin sa'o'i. Har gobe manyan kamfanonin wanki na otel-otel da asibitoci suna ƙarasa aikinsu da ɗauraya mai ɗan tsami. Binegar ɗin uwargida ƙanen wancan nonon Harlem ne.

Da sabulu ya yi arha sai wata sabuwar matsala ta bayyana. Dokar 1688 ta tsara yadda za a dafa sabulun Marsai, Nicolas Leblanc ya sami hanyar yin soda daga gishiri a 1791, Chevreul kuma ya bayyana sinadaran mai da sabulu a 1823. Cikin ƙarni na 19 sabulu ya shiga kusan kowane gida a Turai, daga baya ya biyo kantunan fatake zuwa Afirka. To amma sabulu ba ya shiri da ruwa mai nauyi, wato ruwan da ya ratsa dutsen farar ƙasa ya kwaso kalsiyom, irin wanda ake samu a rijiyoyin da sabulu ke ƙin kumfa a cikin ruwansu. Sabulu da kalsiyom sukan haɗu su zama wani farin dauɗa mai danƙo da ke maƙale a bakin baho da jikin tufafi. Tsami yana narkar da wannan dauɗa. Dalili ke nan da litattafan kula da gida na wancan zamani suka riƙa cewa a zuba ɗan binegar a ruwan ɗauraya na ƙarshe.

Garin wanki na zamani, wanda Tide ta yi wa jagora a Amurka daga 1946, wanda kuma Hausawa suka raɗa wa dukkan danginsa sunan omo, ba ya yin wannan dauɗa kamar sabulu. Duk da haka yana ɗauke da soda, kuma inda ruwa ya yi ƙaranci, ake ɗauraya sau ɗaya da bokiti guda, ragowarsa takan zauna a yadi. A irin wannan hali rabin ƙaramin kofi na farin binegar a bokitin ɗauraya yana da amfani na gaske, warinsa kuma yakan tafi da zarar tufafi sun bushe.

Akwai abubuwa uku da tarihin sinadarai ya nuna ba su zama inuwa ɗaya da binegar. Na farko shi ne sabulun kansa: idan aka haɗa su a ruwa ɗaya, tsamin yakan tsinke sabulun ya mayar da shi maiƙo, a yi asarar duka biyun. Na biyu shi ne bula, shuɗin garin da ake ƙara wa fararen kaya haske da shi. Jean-Baptiste Guimet ya sami kyauta a 1828 saboda ƙirƙiro shi a masana'anta, kuma irin wannan bula tana rasa launinta a cikin tsami, ta fitar da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne jabel. Wannan ruwa ya samo sunansa daga ƙauyen Javel da ke gefen Paris, inda aka fara yin sa a ƙarshen ƙarni na 18 bisa binciken Berthollet. Soda ce ke riƙe da sinadarin kulor a cikinsa. Da an zuba masa tsami sai kulor ɗin ya tashi ya zama iska mai guba, irin wadda aka yi yaƙi da ita a Ypres cikin watan Afrilu na 1915. Mai wanki a rufaffen banɗaki da ya gauraya su yana iya ƙona huhunsa.

Gashi: gadon zamanin sabulu

Binegar ya daɗe a teburin kwalliyar Turawa. Antoine Maille, wanda ya kafa kantinsa a Paris cikin 1747, ya yi suna da binegar iri-iri na ƙamshi, da yawa daga cikinsu na shafawa ne, ba na ci ba. A farkon ƙarni na 19 Jean-Vincent Bully ya fito da nasa binegar na kwalliya wanda ya cika kasuwa shekaru da dama. A wancan zamani ana tsoron yawan wanka da ruwa, ana ganin tsami yana kore cuta da wari.

Amfanin da ya tabbata a kansa kuwa ya zo ne da wanke kai da sabulu. A ma'aunin pH, wanda ke tashi daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7, tsami yana ƙasa, dangin kanwa suna sama. Fatar kai tana wajen 5, binegar wajen 2 da rabi, sabulu kuwa 9 zuwa 10. Kowane silin gashi yana lulluɓe da ƙananan ɓawo da suka hau kan juna kamar ɓawon kifi. Sabulu yakan sa silin ya kumbura, ɓawon ya ɗaga, gashi ya yi kaushi ya riƙa sarƙewa. Idan ruwan mai nauyi ne, wancan farin dauɗan ma yakan zauna a kai ya dusashe shi. Ɗauraya da ruwa mai ɗan binegar ko lemun tsami tana narkar da dauɗan, ta kwantar da ɓawon, gashi ya yi santsi ya ɗauki haske.

Kamfanoni sun nemi su raba mutane da wannan wahala. Hans Schwarzkopf ya fara sayar da garin wanke kai a Berlin cikin 1903, amma shi ma sabulu ne. A 1933 kamfaninsa ya fito da shamfu marar sabulu, a 1934 kuma Dop ya bayyana a Faransa, Drene a Amurka. Daga nan ɗaurayar binegar ta fara zama al'adar kakanni. Ta sake dawowa ne daga shekarun 2000, lokacin da mata da yawa, musamman baƙaƙen fata na Amurka da Turai, suka juya wa man miƙar da gashi baya suka koma ga gashinsu na asali da sabulun gargajiya.

Matan Hausa suna da nasu hanyoyin tun kafin wannan. Ganyen karkashi da aka jiƙa yana ba da yauƙi mai wanke kai da warware gashi kafin kitso, kuma ba ya ɗaga ɓawon gashi kamar sabulu. Ganyen magarya ma yana kumfa ana wanka da shi. Man shanu yana biyo baya don laushi. Inda tsami ya shigo sosai shi ne wajen lalle, domin matse lemun tsami a kwaɓin lalle yana taimaka wa launin ya fito daga ganyen ya kama fata da gashi. Wadda ke wanke kai da sabulun salo ko sabulun Marsai a yau tana cikin halin da Baturiyar 1900 take ciki, don haka cokali ɗaya ko biyu na binegar a lita guda ta ruwa zai yi mata amfani. Wadda ke amfani da shamfu na zamani ba ta da buƙatarsa sosai. Binegar da ba a sirka ba yana ƙona fatar kai, musamman wadda man miƙar da gashi mai soda ya riga ya ji wa ciwo. Game da kwarkwata kuwa, gwaje-gwajen masana sun nuna binegar ba ya kashe ta, matsefi mai ƙananan haƙora da maganin likita su ne abin dogaro.

Rini a ƙasashen ulu da alharini

A nan ne shawara ta uku ta samo asali. Zare iri biyu ne: na dabba, wato ulu da alharini, da na tsiro, wato auduga da lilin. Na dabba dangin gashi ne, kuma a cikin ruwa mai tsami yakan buɗe wuraren da ke janyo wasu nau'o'in rini su kama shi gam. Auduga ba ta da irin waɗannan wurare. Turai ƙasar ulu ce, shi ya sa marinanta suka saba da tukunya mai tsami, suna haɗa alam da gishirin da ke taruwa a gangar giya. Shi wannan alam, dutsen da ake tace ruwa da shi, haja ce mai daraja a zamanin da, har masanin ƙasa al-Idrisi ya ambaci wanda ake haƙowa a Kawar, yankin Bilma, cikin littafin da ya kammala a 1154.

Bayan William Perkin ya ƙirƙiro rinin masana'anta na farko a 1856, an sami wani babban rukuni na rini da ba ya kama ulu da alharini sai da tsami. Nailan, wanda aka ƙirƙiro a 1935, shi ma ya shiga wannan sahu. Da kamfanoni irin su Rit da Dylon suka fara sayar da rini cikin ƙananan fakiti don aikin gida, sai suka rubuta umarni biyu: a sa binegar idan yadin ulu ne ko alharini ko nailan, a sa gishiri idan auduga ce. Da tafiya ta yi tafiya sai sharaɗin ya faɗi a hanya, aka riƙe rabin maganar kawai, wai binegar yana kama rini. Ko a kan ulun ma, aikinsa a cikin tukunyar rini mai zafi yake, lokacin da ake rinin. Jiƙa rinannen yadi a ruwan sanyi bayan an sayo shi daga kasuwa wani abu ne dabam.

Akwai wurin da binegar ya taɓa auduga a tarihi, kuma yana da kyau a fahimce shi. Yadudduka masu zane na Indiya sun mamaye Turai har Faransa ta haramta su daga 1686 zuwa 1759. Masana'antun Mulhouse daga 1746, da na Oberkampf a Jouy daga 1760, sun koyi buga irinsu. Sirrin shi ne a narkar da alam ko ƙarfe da asid asetik, a buga ruwan a kan yadi, a rataye shi a ɗaki mai ɗumi. Tsamin yakan tashi ya bi iska, ya bar ƙarfen a cikin zaren. Idan aka tsoma yadin a tukunyar saiwar garans mai ba da ja, inda alam ya zauna sai ya yi ja, inda ƙarfe ya zauna ya yi baƙi ko shunayya. Binegar a nan ɗan aike ne, ya kai saƙo ya tafi. Ƙarfen da ya bari shi ke riƙe launi.

Marina da majema

Ƙasar Hausa ƙasar auduga ce da baba. Marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ita ce ta fi suna, amma garuruwan Katsina, Gobir, Damagaram da Adar duk sun kasance da nasu karofi. Heinrich Barth, da ya ratsa Tasawa a farkon 1851 kan hanyarsa ta zuwa Kano, ya ga marina a can, ya kuma bayyana yadda rinannun tufafin Kano ke kaiwa har Tumbutu da Murzuk.

Rinin baba aikin dangin kanwa ne daga farko har ƙarshe. Ana daka ganyen, a dunƙula, a shanya. A cikin rami mai zurfi ana haɗa shi da ruwa da toka da katsi, a riƙa motsawa har kwanaki, sai ƙwayoyin halitta su cinye iskar da ke cikin ruwan su mayar da shunin wani abu mai narkewa. Yadi yakan fito daga rami kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban ido. Shunin ba ya ɗaure da zare, shiga yake yi cikinsa yana narkakke, ya daskare a can. Tsami da yawa a cikin rami kashe shi yake yi. Abin da ke zuba daga rinannen yadi kuwa shi ne shunin da ya zauna a bayan zare, kuma babu binegar da zai mayar da shi ciki. A kan turkuɗi da rawanin ɗan Kura ma da gangan mabuga ke ƙara garin shuni su buga har yadin ya yi ƙyalli. Shuɗin da alasho ke bari a fuskar Buzu alamar tsadarsa ce, ba wanda ya taɓa ɗaukar sa aibi.

Galurar zamani ba ta sauya wannan ƙa'ida ba. Kamfanin BASF ya fitar da shunin masana'anta a 1897, René Bohn ya ƙirƙiro wani rukunin rinin rami mai ƙarko a 1901. Da irin waɗannan ne masu rinin shadda na Bamako, Yamai da Kano ke aiki, tare da soda mai ƙuna da garin hidrosulfit. Rinin da kamfanin ICI ya fitar a 1956, wanda ke ɗaure da auduga kai tsaye, shi ma da soda yake kamawa. Amfanin tsami a wannan sana'a guda ne, kuma a ƙarshe yake zuwa: bayan an ɗauraye yadi da ruwa mai yawa, ɗan binegar yana kashe ragowar sodar da za ta ci zare ko ta sa wa mai sawa ƙaiƙayi. Atamfar da ke zuba kuwa maganinta a wanke ta ita kaɗai da ruwan sanyi har rarar rinin ta fita, a shanya ta a inuwa.

Wanda ke neman ainihin aikin tsami a rinin Hausa sai ya bar marina ya nufi majema da rumfar dukawa. Fata, kamar ulu, daga dabba take. Majeman Damagaram da na Maraɗi, inda fatar jar akuya ta yi suna har ƙasashen waje, suna cire gashi da ruwan toka, su jeme fatar da bagaruwa. Jan launi daga karan dafi yake fitowa, da taimakon kanwa. Baƙin da ake kira kuloko kuwa ana samun sa ne ta hanyar jiƙa ƙarfe ko kashin maƙera a ruwa mai zaƙi ko mai tsami, a bar shi ya ruɓa. Tsamin da ya taso yakan ci ƙarfen ya narkar da shi. Da an shafa ruwan a kan fatar da ta sha bagaruwa, nan take sai ta yi baƙi ƙirin. Masu zanen yadi na kudancin Indiya suna yin irin wannan haɗi da tsohon ƙarfe da mazarƙwaila, masana'antun Mulhouse kuma sun yi shi da ƙarfe da binegar. Baduku na Birnin Damagaram ya daɗe yana yin binegar ɗinsa a cikin tulu, bai dai sa masa wannan suna ba.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

Tarihin nan ya nuna cewa a wanki da gyaran gashi binegar mai biyo baya ne. Sabulu ko toka ko soda su ke yin aikin, shi kuma ya zo ya kashe abin da suka bari. A rini kuwa amfaninsa ya dogara ga irin zaren da irin launin, kuma tufafin da aka fi sawa daga Dosso zuwa Diffa ba su cikin waɗanda yake kama wa rini. Shawarar da ta yi daidai a gidan mai saƙa ulu a Ingila tana iya zama asarar kuɗi a gidan mai atamfa a Madawa, ta kuma zama haɗari idan kwalbar jabel tana kusa.

Malamin makaranta ba ya buƙatar ɗakin gwaji don ya koyar da wannan. Ruwan soɓorodo ya isa. A zuba shi a kofi uku, a bar na farko yadda yake, a ɗiga binegar ko lemun tsami a na biyu, a ɗiga ruwan kanwa a na uku. Na biyu zai ƙara ja, na uku zai juye ya yi duhu zuwa kore, kuma idan aka ƙara masa tsami jan zai dawo. Daga nan a yanka ƙyalle biyu daga atamfa ɗaya mai zuba, a jiƙa ɗaya a binegar, a wanke su dabam-dabam, yara su duba ruwan da idonsu. Gani ya kori ji.

Ƙungiyoyin raya al'adu kuwa aikinsu ya fi gaggawa. Ramukan rini da yawa sun cike da ƙasa, matasan dukawa sun koma ga galurar gwangwani, tsofaffin da suka san yawan tokar da rami ke ci da kwanakin da kuloko ke yi kafin ya nuna suna ta raguwa. Ma'aunansu da kalmominsu, irin su katsi, karofi, shuni da kuloko, sun cancanci a rubuta su da Hausa, daga bakin masu su, a kai su aji kusa da darasin asid da pH. Ɗalibin da ya gane cewa abin da littafi ke faɗi da Faransanci shi ne kakarsa ke yi da kanwa da tsamiya zai riƙe darasin, zai kuma san tambayar da ya kamata ya yi wa kowace shawara da ta zo daga nesa: a kan wane zare, da wane ruwa, kuma bayan wane sabulu?